Tambayi Likita: Ƙanwata Mai Jego Ta Yanke Jiki Ta Faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta haihu wata biyu ke nan, ƙafafunta suka kumbura, a asibiti aka ce zuciyarta ta yi rauni. Ranar Talata tana shanyar kayan jariri sai ta dafe ƙirji, ta ce kamar ana kaɗa mata kalangu a ciki, ta zube. Can ta farfaɗo. Gwaggonmu ta ce iska ce. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga 'yar'uwarku a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba ta lafiya, ya raya jaririn. Don Allah ku kai ta asibiti yau, a yi mata gwajin bugun zuciya da ake kira ECG, ko a asibitin koyarwa na Shika ne. Labarin nan ya tayar mini da hankali.

Ɗakuna huɗu ne a zuciya, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ƙa'ida daga sama umarnin bugawa yake saukowa, sau 60 zuwa 100 a minti. Idan naman zuciya ya raunana, kamar yadda yake samun wasu masu jego (tun shekarun 1970 likitoci suka yi rubutu kan wannan ciwo a nan Zariya), sai ɗakunan ƙasa su ƙwace ragama, su yi ta bugu da gudu, ba sa ma tsayawa su cika da jini. Ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, mutum ya suma.

Wani bugun yakan lafa kafin daƙiƙa 30. Wani ya zarce, sai an yi allurar amiodarone ko an ɗana na'urar lantarki a ƙirji. Akwai wanda ƙarancin sinadarin potassium ko magnesium a jini ke jawowa, kuma maganin rage kumburi da wataƙila take sha yana zubar da su ta fitsari, shi ya sa za a duba jininta. Mafi muni shi ne zuciyar ta koma makyarkyata kawai, jini ya tsaya cak. Idan ta faɗi ba ta numfashi, kada a tsaya yayyafa ruwa. A kwantar da ita rigingine a ƙasa, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota.

Daga baya likita zai iya ba ta ƙwayoyi irin su bisoprolol, wasu kuma har ƙaramar na'ura mai daidaita bugun zuciya ake dasa musu a ƙarƙashin fata. Kunun kanwa kuwa a jingine shi tukuna, gishirin da ke cikinsa yana tara ruwa a jiki. Ki lallaɓa Gwaggo ta raka ku, ta ji daga bakin likita.