Tambaya da Amsa: Me Ake Gani Idan An Duba Ruwan Gaba a Madubin Likita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Wata biyu ke nan ina fama da farin ruwa mai ƙarni, musamman bayan saduwa da maigidana. Na sha maganin sanyi iri-iri, shiru. A asibiti aka ɗebi ruwan da tsinken auduga, aka ce za a duba a madubi. Me ake nema a ciki, kuma wannan ya isa a gane cutar?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kalmar "sanyi" ta haɗe cututtuka da dama masu magani daban-daban, shi ya sa shan magani da ka bai kai ki ko'ina ba. Abin da kika bayyana ya fi kama da rikicewar bakteriyar farji, wadda likitoci ke kira BV.

Gaban mace mai lafiya cike yake da bakteriya masu amfani, Lactobacillus, waɗanda ke riƙe tsamin wurin a ƙasa da 4.5 a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. In suka ragu, wasu bakteriya, Gardnerella da ire-irenta, su mamaye.

Ruwan daga bangon farji ake ɗebo shi, ba daga bakin mahaifa ba, domin majinar bakin mahaifa ba ta da tsami, tana ɓata awon. A shafa a gilashi, a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.9, a rufe da siririn gilashi, a duba da ƙaramin idon madubin, sannan da wanda ke ninka girma sau 400.

Ƙwayar fatar farji lafiyayya shimfiɗaɗɗiya ce, cikinta garau, gefenta a fili kamar an ja shi da biro. Idan akwai BV, bakteriya kan lulluɓe ta kamar an barbaɗa mata yashi, har gefen ya dushe. Ita ake kira ƙwayar manuniya, kuma Gardner da Dukes ne suka bayyana ta a 1955. Gefen shi ne abin lura. Mai gaggawa kan ga 'yan ɗige-ɗige a tsakiya ya yanke hukunci, alhali in gefen na nan sarai ba ita ba ce. Ana so manuniya su kai kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin fatar da aka gani.

Ƙa'idar Amsel ta 1983, wadda likitoci ke bi wajen tabbatar da BV, ta kawo alamomi 4, ana bukatar 3: ruwa tsararo fari ko toka-toka, pH sama da 4.5, ƙarnin kifi idan an ɗiga sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10, da ƙwayoyin manuniya. Inda ake rina gilashin da rinin Gram, ana bin makin Nugent: 0 zuwa 3 lafiya, 4 zuwa 6 tsaka-tsaki, 7 zuwa 10 BV.

Gilashin nan ɗaya kan tona wasu cututtukan. Trichomonas, wata ƙwayar cuta mai motsi, ana ganinta tana wutsil-wutsil, amma in aka bar gilashin ya wuce kamar minti 10 motsin ya fara mutuwa, sai a rasa ta. Zare-zare masu reshe alamar fungas ne, mai kawo ƙaiƙayi da ruwa mai gudaji. Fararen ƙwayoyin jini kuwa ba su da yawa a BV. In sun cika gilashin, a binciki bakin mahaifa.

Jinin al'ada, maniyyi, man shafawa, wanke cikin gaba da sabulu da maganin cusawa duk suna gurɓata sakamako. Ki guje musu kwana 1 zuwa 2 kafin gwaji, ki kuma faɗa wa likita duk maganin da kika sha. Ba ma ba da shawarar dogara da shuka ruwan, wato rainon ƙwayoyin cikinsa a ɗakin gwaji, don neman Gardnerella, domin mata lafiyayyu da yawa na ɗauke da ita.

In BV ta tabbata, likita yakan rubuta metronidazol, miligiram 400 ko 500 sau 2 a rana har kwana 7. Ki shanye ko da ƙarnin ya ɗauke a kwana na 3. Takan dawo wa kusan rabin mata cikin shekara, don haka in ta dawo a sake dubawa. In kina da juna biyu ki faɗa tun farko, domin BV na ƙara haɗarin haihuwar bakwaini.