Amsa: Shin Turawan farko farare ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutanen da suka fara zama a Turai farare ne kamar na yau. A'a. Kamannin da ake gani yanzu sun samo asali ne daga cakuɗuwar al'ummomi uku, kowacce da lokacin zuwanta.

Mafarauta ne 'yan gida. Ƙasusuwan mutumin kogon Cheddar a Ingila, mai kimanin shekara 10,000, da na La Braña a Sifaniya, mai shekara 7,000, duk sun nuna, ta gwajin DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki), fata mai duhu da shuɗin ido. Ke nan a yammacin Turai shuɗin ido ya riga hasken fata. Kimanin shekara 8,500 da suka wuce, manoma suka shigo daga Anatoliya, Turkiyya ta yau, da alkama da sha'ir da tumaki, ɗauke da nau'in ƙwayar halittar SLC24A5 mai haskaka fata. Mutanen tsibirin Sardiniya ne suka fi riƙe gadonsu. Daga baya, wajen shekara 5,000, makiyayan Yamnaya suka taso daga filayen arewacin Bahar Aswad.

Ni a ganina batun madara ya fi na fata koyarwa. Dubban shekaru Turawan dā suna tatsar shanu alhali cikin babba ba ya narkar da sikarin madara, sai kumburi da gudawa. Dabarar ita ce a mayar da ita cuku ko kindirmo, domin tsami yana rage sikarin. A Poland an tono tukwane masu huji-huji na tace cuku, masu kimanin shekara 7,000. Ko a filin yaƙin Tollense na Jamus, shekara 3,200 kacal da suka wuce, kaɗan ne kawai cikin mutum 14 da aka gwada ke da ƙwayar halittar narkar da madara. Wannan nau'in na Turai shi ne ake samu a jikin Fulani da yawa, alhali makiyayan Kenya da Tanzaniya nasu daban ne.

Amma a kula da launin fata: ƙiyasi ne, don ma'aunin daga mutanen yau aka gina shi. DNA na dā guntu-guntu yake fitowa, gumin mai tono ma yana gurɓata shi. Shi ya sa ake haƙo garin ƙashin cikin kunne, wanda ya fi kowane ƙashi tauri, a ɗaki killatacce, sannan a duba lalacewar bakin guntayen don tabbatar da cewa tsoho ne.