Shawarar Lauya: Takardar CAC ba ta ba ka izinin tsira wa mutum allura ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Na yi kwas na wata shida a ƙasar Sin kan akufanca, wato jinyar nan da ake tsira siraran allurai a jiki. Da na dawo na yi rajistar sunan sana'a a CAC, na buɗe wuri a wani fulat da nake haya a Gwarinpa, Abuja. Ina talla a Facebook da TikTok, kuma Alhamdulillahi kasuwa ta buɗe. Wata baiwar Allah ta kawo mahaifinta mai ciwon suga, ta biya kuɗin zuwa goma, naira dubu 250. Bayan zuwa na shida jikinsa ya rikice aka kwantar da shi a asibiti. Yanzu ta hau Facebook tana kirana likitan bogi, ɗan damfara, tana neman kuɗinta. Alhali ta sa hannu a takardar da ta ce ba a mayar da kuɗi, kuma ba ni da alhakin duk abin da ya faru. Masu ƙaho da wanzamai ba wanda ke tambayarsu lasisi, ni kuwa har rajista gare ni. Ina so a kama ta, in kuma yi ƙararta kan ɓata suna. Ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba dattijon lafiya. Abin da zan faɗa na gina shi ne a kan labarinka kaɗai, kuma yana iya sauyawa idan lauyanka ya zauna da takardun, ya kuma ji ɓangaren matar. Amma ko a hakan, ba zan ba ka shawarar zuwa wurin 'yan sanda ba, ba kuma zan ba ka shawarar shigar da ƙara yanzu ba. Dalilin yana cikin rajistar da kake tinƙaho da ita.

Hukumar CAC aikinta rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci ne a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Takardar da ta ba ka cewa take yi wannan suna naka ne, kana iya buɗe asusun banki da shi. Iyakarta ke nan. Ba ta duba ko ka iya aikin ba, kuma ba huruminta ba ne ta duba. Mutane da yawa suna rataye wannan takarda a bango cikin firam, su ɗauka sun gama da hukuma, sai ranar da rigima ta taso.

Dokar da ta shafi aikinka ita ce dokar likitoci da likitocin haƙori, wadda ta kafa hukumar MDCN mai rajistar likitoci. Tun gyaran da aka yi mata a 1992 aka ɗora wa hukumar sa ido kan hanyoyin jinya da ba na asibitin zamani ba, kuma dokar ta ambaci akufanca da suna. Saboda haka kwatancen da ka yi da wanzamai da masu ƙaho, na fahimce shi, amma ba zai yi maka amfani a gaban alƙali ba. Ko me ake ciki game da su, taka sana'ar an rubuta ta a doka, an kuma faɗi wanda zai kula da ita. Takardar da ka samo a Sin tana iya zama mai kyau ƙwarai, sai dai ba ita ke ba da izinin aiki a Najeriya ba. Hukumar nan gida ce za ta duba makarantar, da tsawon karatun, da abin da ka karanta kafin ka tafi, ta ce ya isa ko bai isa ba. Ba zan yi maka alkawari a kan kwas na wata shida ba. Idan dama kana da wani karatu na lafiya, lissafin yana iya bambanta, amma ba ka ambaci hakan ba.

Sannan wurin kansa yana buƙatar tasa rajistar. A Abuja akwai kwamitin da ke rajista da sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a ƙarƙashin sakatariyar lafiya ta birnin tarayya, wanda aka fi sani da PHERMC. Su ne ke zuwa su ga ɗakin, da wurin wanke hannu, da inda ake zubar da allurar da aka yi amfani da ita, kuma suna da ikon garƙame wurin da bai yi rajista ba. Ka kuma ɗauko yarjejeniyar hayarka ka karanta, domin galibin irin waɗannan fulat an ba da su ne don zama kawai, kuma ba na son mai gida ya shigo cikin maganar nan shi ma.

To, da wannan a zuciya, mu dubi ƙarar ɓata suna. Gaskiya ne cewa idan mutum ya wallafa maganar da ta zubar maka da mutunci, shi zai tabbatar wa kotu cewa gaskiya ya faɗa, ba kai za ka tabbatar ƙarya ce ba. Wannan yana ɓangarenka. Matsalar ita ce lauyanta ba zai sha wahala ba. Wasiƙa ɗaya zai rubuta wa MDCN ya tambaya ko sunanka na cikin rajista. Idan babu, kuma ya zamana a shafinka akwai "Dakta" a gaban sunanka, ko hotonka da farar riga da abin awo a wuya, to rabin "likitan bogi" ta riga ta tabbata. Dokar da na ambata ta mayar da shi laifi mutumin da ba shi da rajista ya yi aikin likita don a biya shi, ko ya ɗauki laƙabin da zai sa a zaci shi likita ne. Kalmar "ɗan damfara" ta fi nauyi, domin tana nufin ka san ƙarya kake yi ka karɓi kuɗi, kuma mai yiwuwa matar ta wuce gona da iri a nan. Ni ma ban ga dalilin da zai sa mutum ya fara da Facebook kafin ya rubuto takardar neman haƙƙinsa ba. Amma kafin kotu ta kai ga wannan kalmar, sai ka tsaya a akwatin shaida an yi maka tambayoyi kan lasisi, kan wurin, kan kowane bidiyo da ka taɓa ɗorawa, kuma duk amsar da ka bayar tana shiga kundin kotu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Batun kamu ya fi wannan haɗari. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ke aiki a Abuja, wannan haka yake. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka saba kama mutane da shi kan rubutun Facebook, an taƙaita shi a gyaran 2024, bai kuma da faɗin da yake da shi a da. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum kan rigimar da ta tsaya a ciniki ko saɓa yarjejeniya. Idan aka tsare ta, lauyanta na iya shigar da ƙarar take haƙƙin ɗan Adam, ya haɗa da kai a matsayin wanda ya kai ƙorafi. Kuma ka tuna ɗan sandan da zai karɓi kokenka yana iya juyowa ya ce Malam ina lasisinka.

Yanzu ga abin da ba ka faɗa ba, wanda ya fi damuna: me tallan ya ce? Mai ciwon suga ba ya tasowa haka kawai ya nufi wurin allura, sai in wani abu ya gaya masa akwai waraka a can. Dokar abinci da magunguna ta hana a tallata wa jama'a magani ko na'ura a matsayin maganin wasu cututtuka da ta jera, ciki har da ciwon suga, hawan jini da kansa. Ko wannan sashe ya kama tallanka kai tsaye, ya danganta da yadda ka tsara maganar, da ko kana haɗawa da sayar da wani ganye ko garin magani, wanda shi kuma sai da lambar NAFDAC. Ko bai kama ba, dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana faɗa wa mai saye abin da zai ruɗe shi game da amfanin abin da yake biya. Sannan dokar hukumar kula da tallace-tallace, wato ARCON, ta 2022 ta ce talla sai an tantance shi kafin a sake shi, kuma hukumar ta sha nanata cewa na soshiyal midiya ma yana ciki. Na san kusan kowa yana ɗora nasa ba tare da ya bi ta nan ba. Wannan ba kariya ba ce ranar da aka zaɓe ka.

Idan kuma ka taɓa ɗaukar dattijon a bidiyo yana kwance da allurai a ƙafa yana cewa ya ji sauƙi, ka ɗora, to ka ƙara wa kanka wani nauyin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin jinyar mutum sirri ne, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Murmushin da ya yi wa kyamara ba zai wadatar a matsayin izini ba.

Takardar da ta sa wa hannu tana da ɗan amfani, amma ba irin wanda kake zato ba. Da farko 'yarsa ce ta sa hannu, ba shi ba, shi kuwa baligi ne mai hankalinsa. Na biyu, yarda da a yi maka jinya daban, yafe sakaci daban, kuma kotuna ba sa saurin barin mai sana'a ya ɓuya a bayan irin wannan layi, musamman inda lafiyar mutum ta taɓu. Na uku, zuwa huɗu ba a yi ba, kuɗinsu naira dubu 100 ke nan. Ban ga hujjar da za ta sa ka riƙe su ba.

Ba ina cewa kai ka jawo rikicewar jikinsa ba ne. Suga yana tashi saboda dalilai da dama, kuma dattijon da 'yarsa ne za su kawo shaidar likita da za ta haɗa aikinka da abin da ya faru, abin da ba shi da sauƙi. Tambaya guda ce za ta raba gardama: ya daina shan maganin asibiti ne, kuma wa ya ce ya daina? Ka koma WhatsApp ɗinka ka saurari duk saƙon murya da ka tura musu. Idan akwai inda ka ce ya rage ƙwaya ko ya ajiye insulin ya ga ikon Allah, lauyanka ya fara sanin wannan kafin kowa. Ka sani kuma sunan sana'a ba kamfani ba ne, duk diyyar da kotu ta yanke daga aljihunka za ta fito, har motarka.

Abin da nake ganin ya fi maka shi ne sulhu, kuma da wuri. Kar ka mayar mata da martani a Facebook, kar ka tura 'yan uwa su yi. Ka sauke tallan da bidiyon marasa lafiya yau, amma ka adana kwafinsu tare da saƙonni da rasit, kada gobe a ce ka ɓatar da shaida. Ka dakatar da karɓar mutane har matsayinka ya fito fili. Na san wannan ne mafi ɗaci, domin haya ba ta jira. Lauyanka ya rubuta mata wasiƙa mai alamar cewa tayin sulhu ce, irin wadda ba a kafa hujja da ita a kotu. Ni da zan tsara tayin, zan fara da mayar da dubu 100 ɗin nan ba tare da ciniki ba, in bar ƙofa a buɗe kan sauran, ita kuma ta sauke rubutun, a rubuta cewa biyan ba amsa laifi ba ne kuma magana ta ƙare a tsakaninku. Dattijon ma ya sa hannu, tunda haƙƙin nasa ne. Idan akwai wani babba da take jin nauyinsa, limami ko kawu, zuwa dubiya tare da shi yakan yi abin da wasiƙar lauya ba ta yi. Idan abin ya faskara, babbar kotun Abuja tana da zauren sulhu, ana iya zuwa ko ba a shigar da ƙara ba, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can ana iya kai ta alƙali ya amince da ita ta zama kamar hukunci. Sai dai sulhun bai ɗaure hannun MDCN ko PHERMC ba, ba kuma za a rubuta cewa an biya ta don ta rufe bakinta daga hukuma ba.

Sana'ar ba haramtacciya ba ce, kuma akwai inda take da madogara. Binciken da ya fi goyon bayanta yana wajen ciwo mai daɗewa ne, irin na baya da gwiwa da ciwon kai, har hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince a 2021 a gwada ta ga wasu masu irin wannan ciwo. Idan rajistarka ta samu, a nan kasuwarka take, kuma likitoci da masu gashin ƙashi sun fi sakin jiki su turo wa mutumin da ya san iyakarsa. Ka sani dai shiga ƙarƙashin MDCN yana zuwa da ƙa'idojinta, waɗanda suka tsaurara kan tallan kai. Suna, adireshi, lokutan aiki da bayanin abin da kake yi ba tare da alkawarin warkewa ba, wannan ne iyakar da zan yarda da ita. Allura sabuwa a buɗe ta a gaban mutum, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefa a akwatin zubar da allurai, saboda ciwon hanta da HIV. Kowane mutum da fayil ɗinsa, da takardar yarda da ta faɗi haɗarin a fili, har da hudawar huhu idan allura ta yi zurfi a ƙirji ko gadon baya. Ka nemi inshorar sana'a. Mayar da wurin kamfani yana da amfani, doka ta yarda mutum ɗaya ya kafa, amma ba zai kare ka daga sakacin hannunka ba.

Ranar da za ka ga lauyanka, ka tafi da takardar Sin da fassararta, ta CAC, yarjejeniyar haya, takardar da matar ta sa wa hannu, hoton rubutunta da ke nuna kwanan wata, da wayarka ba tare da ka goge komai ba.