Shin da yaƙi Hiksos suka ci tsohuwar Masar?

Tambaya: Malam, na ji cewa wasu baƙi da ake kira Hiksos sun taɓa mulkar Misirawan dā. Su wane ne su, kuma gaskiya ne cewa da ƙarfin takobi suka ƙwace ƙasar?

Amsa: Hiksos sarakuna ne masu asali da yankin Sham da Falasɗinu, waɗanda suka mulki arewacin Masar daga wajejen shekara ta 1650 zuwa 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma masana suna lissafa su a matsayin gidan sarauta na 15. Fadarsu tana birnin Abaris, gabashin wurin da Kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, wato Tell el-Dab'a ta yau.

Labarin cewa sun auko kwatsam suka ƙona garuruwa suka rushe ɗakunan bauta ya fito ne daga Maneto, wani malamin addinin Misirawa da ya yi rubutu fiye da shekara 1,200 bayan shuɗewarsu, ya kuma gaji ruwayar waɗanda suka kore su. Ni kam ban gamsu da wannan ruwaya ba, domin abin da aka tono a ƙasa bai goyi bayanta ba. Tun daga 1966 ayarin Manfred Bietak, masanin tonon kayan tarihi na ƙasar Ostiriya, ya fara haƙa a Tell el-Dab'a, inda aka gano cewa mutanen Sham sun daɗe suna zaune a can, 'yan kasuwa da sojojin haya da masu sana'a, suna gina gidaje irin nasu, suna binne manyansu da makamai, a ƙofar kabari kuma a binne jakuna. Binciken haƙoran matattun da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa da yawansu a wasu wurare suka yi ƙuruciya, tun kafin a kafa mulkin Hiksos. Da gwamnatin tsakiya ta yi rauni, sai jikokin waɗannan baƙi suka ɗare gadon sarauta.

Da suka hau, sai suka ɗauki laƙaban Fir'aunoni, suka riƙe rubutun Misirawa, suka girmama gunkin Set wanda suke ganinsa daidai da Ba'al nasu. Shahararriyar tsohuwar takardar ilimin lissafi ta Misirawa da ake kira Rhind ma a shekara ta 33 ta mulkin sarkinsu Apopi aka kwafe ta. A zamaninsu ne kuma doki da keken yaƙi suka bazu a Masar.

Yaƙin da ke da tabbatacciyar shaida shi ne na korarsu. Gawar Sarki Sekenenre na Tibis, birnin kudancin Masar da ake kira Luksor yanzu, tana nan har yau da saran gatari a goshi. Magajinsa Kamose ya sa aka sassaƙa a dutse yadda dakarunsa suka cafke manzon Apopi a hanyar hamada ɗauke da wasiƙa zuwa ga sarkin Kush, a Sudan ta yau, yana neman su haɗa kai su raba Masar. Daga bisani Ahmose, magajin Kamose, ya ci Abaris, ya bi su har Sharuhen a kudancin Falasɗinu, ya yi wa garin ƙawanya shekara uku kafin ya faɗi, ya kuma kafa gidan sarauta na 18.