Maganin Hawan Jini Ya Kumbura Mini Ƙafa, Ga Tari Ya Hana Ni Barci

Tambaya

Assalamu alaikum likita. Ni mace ce mai shekara 54, ina zaune a Aboabo, Kumasi, ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia. Wata biyar ke nan da aka ce ina da hawan jini, ranar da aka auna ni ya kai 168/102. Aka ba ni ƙwayoyi iri biyu, a jikin kwalin ɗaya an rubuta amlodipine 10, ɗayan kuma lisinopril 10. Tun da na fara sha idon sawuna ke kumbura, kafin la'asar takalmi ba ya shiga. Ga wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, babu majina, da dare ya fi tashi, har mutanen gidanmu sun fara cewa in je a duba ko tibi ne. Na shanye kwalba uku ta maganin tari a banza. Wata abokiyar kasuwata ta ce maganin asibiti ne ke lalata ƙoda, in koma sobolo, wato zoɓo, da tafarnuwa da wani jiƙo da ake talla a mota. Yau kwana tara ban sha ba, kumburin ya sauka, tarin ya ɗan ragu, kuma jikina garau nake jinsa. Shin in ci gaba da zama haka?

Hajiya, daga Aboabo

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kika kwafo sunayen daga jikin kwali, don yawancin waɗanda ke zama gabana in na tambayi abin da suke sha, amsar ba ta wuce "wata 'yar farar ƙwaya". Da sunayen nan biyu aikin ya zo da sauƙi: tarin na lisinopril ne, kumburin kuma na amlodipine. Ba zato kike yi ba, maganin ne ya jawo su. Amma a'a, kada ki ci gaba da zama haka. Duka biyun ana gyara su ba tare da an bar jinin ya sake hawa ba.

Mu fara da tarin, tun da shi ya hana ki barci. Lisinopril yana toshe wani sinadari ne a jiki mai sa hanyoyin jini su matse. Matsalar ita ce wannan sinadarin yana da aiki na biyu, shi ke share wani abu da ake kira biradikinin. In an toshe shi sai abin ya taru a huhu da maƙogwaro, ya riƙa sosa mutum. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan wannan dangin magani suna samun tarin, mata sun fi maza. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba sanyi ba ne, shi ya sa kwalaben nan uku ba su taɓuka komai ba. Wasu magungunan mura da tari ma suna ɗauke da abin da ke ɗaga jini, don haka ki daina sayensu. Gyaran ɗaya ne, a sauya miki ƙwayar. Abin da aka saba bayarwa a madadinta shi ne losartan, aikinsu kusan ɗaya, amma shi da wuya ya kawo tari. Bayan an daina lisinopril tarin kan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu kafin ya tafi, wani lokaci har wata uku, saboda haka raguwar da kika gani a kwana tara daidai take.

Maganar mutanen gida kuma kada ki yi fushi da su. Tarin da ya yi watanni ya cancanci a duba shi. In akwai rama, ko zufa da dare, ko zazzaɓi, ko jini a kaki, to a yi gwajin tibi, kada a ɗora wa magani komai.

Akwai wani abu guda game da lisinopril da nake so kowa ya riƙe, ko da bai faru da ke ba. In leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura farat ɗaya, ko murya ta shaƙe, wannan ba na jira ba ne, kuma ya fi samunmu baƙar fata. A tafi sashen gaggawa nan take, a Kumasi ga asibitin Komfo Anokye, ko a kira 112, kuma ba a sake shan ƙwayar har abada.

Kumburin ƙafa shi mutane suka fi fahimta a baibai. Da an ga idon sawu ya cika sai a ce ƙoda ta taɓu, ko ruwa ya yi yawa a jiki. Na amlodipine ba haka yake ba. Ki ɗauka an faɗaɗa ƙofar shiga Kejetia ninki biyu, aka bar ƙofar fita yadda take. Me zai faru? Jama'a za su cunkushe a tsakiya, wasu su fantsama cikin rumfuna. Haka maganin yake yi: yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, bai buɗe masu dawo da shi ba, sai ruwan jinin ya tsattsafo ya kwanta a ƙarƙashin fata. Nauyi kuma ƙasa yake ja. Ke da kike wuni kan kujera ƙafa a rataye, cikin zafin kasuwa, dole abin ya fi nunawa da yamma, ya sauka da asuba. Yawan maganin ma yana da hannu: mai shan miligiram 10 ya fi mai shan 5 kumbura nesa ba kusa ba, kuma a nan ma mata ne kan gaba.

Tun da ba ruwa ne ya yi yawa ba, ƙwayar fitsari irin furosemide da wasu ke saya a kantin magani ba ta warware shi. Sai dai ta tsotse mutum, ta bar shi da jiri da ɗaurewar jijiya, ƙafar kuma tana nan yadda take. Abin da ke aiki shi ne likita ya mayar da ke kan 5, ya cike giɓin da wani magani. Haɗa shi da losartan ma yana rage kumburin, don shi yana sassauta ƙofar fitar da na ambata. Naki aikin a rumfa: ki sami wani ɗan benci ko ɗaurin atamfa ki ɗora ƙafa, duk bayan awa guda ki tashi ki ɗan zaga layi, da dare ki sa matashi a ƙarƙashin ƙafafu. Kumburin da ke tayar mini da hankali daban ne: na ƙafa ɗaya tak mai zafi, ko wanda ya zo da haki in an kwanta, ko fuska ta kumbura da safe ga fitsari mai kumfa. Waɗannan sai an duba zuciya da ƙoda da jijiya.

Zan so a ce ba a raba ki da amlodipine gaba ɗaya ba, in dai ragewar ta wadatar. A jikin mutanen Afirka yana cikin waɗanda suka fi saukar da jini. A 2019 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi wa laƙabi da CREOLE, a ƙasashe shida na kudu da Sahara har da Najeriya da Kamaru, a kan mutum fiye da 700. Haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Kada a yar da doki saboda sirdi ya matsa.

Yanzu kwana taran nan. Amlodipine yana daɗewa a jiki, sai ya yi kusan mako kafin ya gama fita, shi ya sa kwanakin farko mutum ke ganin kamar ba abin da ya canza. A yau da nake rubuta miki babu sauran kariya a jikinki, kuma zai yi wuya jinin bai koma kusa da inda aka same shi ba. Jin garau ba hujja ba ce. Ranar da aka auna ki 168/102 ai da ƙafarki kika je. Hawan jini ba ya sallama. Da yawa daga waɗanda ake kawo mana da shanyewar ɓarin jiki, in ka bincika sai iyali su ce ai ya sha magani a da, ya daina da ya ji sauƙi, ko da ya dame shi. Wannan ne ya fi ci mini rai a aikin nan, don abin da ya sa suka daina, a minti biyar ake gyara shi da an faɗa.

Abokiyar kasuwarki ta juya zancen ne. Hawan jinin da aka bari shi ke cinye ƙoda sannu a hankali har a kai ga wankin ƙoda. Inda maganarta ta taɓa gaskiya shi ne, lisinopril da losartan suna bukatar gwajin jini na ƙoda da fotasiyam mako ɗaya ko biyu bayan farawa, sannan lokaci-lokaci. In ba a taɓa yi miki ba, ki nema da bakinki. Abin da na fi jin tsoro ga ƙodar 'yan kasuwa shi ne diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya kullum don ciwon baya da gwiwa. Suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin, suna wahalar da ƙoda. Paracetamol ya fi miki. Jiƙon cikin trotro kuwa, ba ki san abin da ke ciki ba, mai tallan ma sau da yawa bai sani ba. Sobolo ba na hana shi, an ga yana ɗan rage jini kaɗan, amma kaɗan ɗin ba zai sauko da 168 zuwa ƙasa da 140 ba, balle wanda aka cika wa sukari. Ki sha shi a matsayin abin sha.

Gishiri ne wurin da ke da kanki za ki iya rage yawan ƙwayoyin da za ki bukata, kuma in magani ya ragu illarsa ma ta ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya, duk abincin yini a haɗe. A girkinmu ba na cikin gwangwani ne kaɗai ba: kifin gishiri irin su koobi da momoni da kako, yajin shito, dunƙulen ɗanɗano biyu uku a tukunya ɗaya, har kanwar da ake sa wa waakye, wato shinkafa da wake, ita ma sodiyam ce irin na cikin gishiri. Ki jiƙa kifin gishiri ki zubar da ruwan kafin ki dafa, ki bar daddawa da citta da tafarnuwa su ɗauki nauyin ɗanɗano. Sai dai gishirin nan na musamman da ake cewa na masu hawan jini ne, fotasiyam ne a cikinsa, kada ki haɗa shi da losartan sai likita ya amince.

Wataƙila a ƙara miki bendroflumethiazide, 'yar ƙwayar nan ta 2.5. Ita da safe ake sha, don kada fitsari ya hana barci. Tana iya rage gishirin jini, ta kawo kasala ko ɗaurewar ƙafa, ko ta tayar da ciwon babban yatsan ƙafa mai raɗaɗi, don haka ita ma da gwajinta. Sauran kuwa ki zaɓi lokacin da ba za ki manta ba; wani babban bincike a Birtaniya a 2022, kan mutum fiye da dubu 21, bai ga bambanci tsakanin shan safe da na dare ba. In jiri na ɗibarki lokacin miƙewa daga sujada ko tashi daga gado, ki ɗan zauna tukuna kafin ki miƙe, in ya ci gaba a auna ki a zaune da a tsaye. Kafin azumi ya kama ki je a tsara miki lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Bari in ɗan ratse saboda mazan da za su karanta wannan, don su ba sa rubutowa. Wasu magungunan, musamman atenolol da ƙwayoyin fitsari, kan rage wa namiji ƙarfi. Sai ya yi shiru, ya jefar da kwalin, ya koma wurin masu maganin maza. Alhaji, ka faɗa wa likita, ba sabon zance ba ne a kunnensa, kuma akwai waɗanda ba su cika yin haka ba, losartan na ciki. Shi kansa hawan jinin yana kashe ƙarfin. Atenolol kuma ba a yanke shi rana ɗaya, zuciya na iya rikicewa, a hankali ake janye shi. Mata masu juna biyu ko masu neman haihuwa kuwa, lisinopril da losartan duka ba nasu ba ne, suna cutar da ɗan tayi. Akwai methyldopa da nifedipine dominsu.

Ga abin da nake so ki yi, Hajiya. Yau ɗin nan ki tsaya a kantin magani a auna ki, bayan kin zauna kin huta minti biyar. In ya kai 180/120, ko akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, gani dishi-dishi, nauyin harshe ko mutuwar hannu, asibiti kai tsaye. In bai kai ba, gobe ki bar wa yarinya rumfa ki koma inda aka ba ki maganin, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. In tafiyar ba za ta yiwu cikin kwana ɗaya ko biyu ba, ki koma kan amlodipine kafin nan, kumburinsa damuwa ce kawai, ba haɗari ba. Ki tafi da kwalayen biyu da katin inshorar lafiya, magungunan da na ambata na hawan jini suna cikin jerin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa. Na san layi da tsawo kuma likita na sauri, don haka kina zama ki fara da naki, da Hausa ne ko da Tonanci: tari wata biyar, ƙafa na kumbura, kwana tara ban sha ba. Na ƙarshen nan kada kunya ta sa ki ɓoye shi, don in ya ga jinin a sama yana zaton kina sha, ƙara miki zai yi, kumburin ya dawo fiye da da.

Bayan an sauya, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta awon da kwanan wata, sau biyu ko uku a mako, ki koma da shi bayan mako biyu zuwa huɗu. In wata guda ya cika da barin lisinopril tarin bai ja baya sosai ba, a ɗauki hoton ƙirji.