Amsa ga ɗan uwan da tashar jirginsa ta kumbura a damina

Salamu alaikum. Ɗan uwa naga tambayarka tun jiya da daddare, kace ka shimfiɗa ɗan layin dogo na wasa a tsakar gida, ka haɗa ƴar tasha da filawud ka shafe ta da fanis har hawa uku amma ruwa biyu kawai aka yi ta kumbura ta fara ɓarewa, kana tambaya da me ake yin ginin da zai jure zaman waje. To sannu, Allah ya mayar da alheri. Nima ta nan na biyo, tawa ma tafi taka ban takaici don ni da jar ƙasa na fara.

Wai ni a dole sai nayi gidan gargajiya na gaske, na zauna na mulmula tubali ƙanana kamar ƙwayar gurjiya, na tayar da zaure da zankwaye har da ɗan indararo, sati uku ina abu ɗaya yara na kallona kamar wanda ya zare. Ruwan watan Agusta guda ɗaya ya mayar min da shi tsibin taɓo. Wani tsohon magini maƙocinmu da ya leƙo ya gani sai da yayi dariya har da riƙe ciki, yake tambayata ko da na rage girman gidan na haɗa da ruwan saman na rage. Kuma wallahi maganar kenan. Ka rage gini sau ashirin da huɗu amma ɗigon ruwa yana nan yadda yake, a wajen wannan ɗan ginin kowane ɗigo kamar an sheƙa masa bokiti ne daga sama. Rana ma ba'a rage ta ba, gara ma haka, ƙadangare kuwa a garin nan naka kada ne.

Kafin ma kazo kan kayan aiki, ka tsayar da ma'auni tukuna, don na lura a hoton da ka turo ƙofar tashar ta kusa kai tsayin kan jirgin. Layin da kake dashi mai faɗin milimita 45 ne, irin wanda kamfanin LGB na Jamus ya fito dashi a 1968, su ma'auninsu 1:22.5, wato sun rage girman komai sau ashirin da biyu da rabi. Amma akan wannan layin dai wasu kamfanonin Amurka suna yin 1:29, wasu 1:20.3, shi yasa zaka sayi ɗan mutum-mutumi daga nan ka sayi tarago daga can kaga mutumin ba zai iya shiga ƙofar ba. Ni na zaɓi 1:24 kuma ina da dalili. Tsohon layin dogon Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne wato milimita 1067, in ka raba da 45 zai baka kusan 24. Abin da ya ƙara burgeni, ƙaramin layin nan da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 faɗinsa milimita 762 ne, in ka raba da 32 shima wajen 24 ɗin ne, kaga wanda ya samu layi mai milimita 32 zai iya haɗa su biyun a fili ɗaya. Sannan lissafin ba ciwon kai: rabin inci shine ƙafa ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 inci 6 kenan, ƙofa mai mita 2 ta zama santimita 8 da ɗan ɗoriya, mutum kuma santimita 7 da wani abu. Ka yanka ɗan mutum na kwali ka ajiye akan teburin aikinka, duk abin da ka yanka ka tsayar dashi a gefe ka gani.

Yanzu kayan aiki. Filawud dai ka manta dashi, fanis ba zai cece shi ba don ta bakin yanka ruwa ke shiga ya saki gam ɗin dake tsakanin faifan, kuma rana na fasa fanis ɗin kansa cikin ƴan watanni. Farin gam na kafintoci ma na cikin ɗaki ne. In ka kalli bidiyon Turawa zaka ji suna ta yabon wani katako da suke kira sida da ire-irensa, su abin da ke damunsu sanyi ne da ƙanƙara da ruɓewa, mu kuwa gara ce, in ta samu katako mai laushi a ƙasa ai biki ya samu. In dole sai katako, kamar dogaran rumfa ko gada, ka je wajen kafintoci ka roƙi guntayen maɗaci ko ƙirya da suke zubarwa, kuma kar ya taɓa ƙasa.

Abu biyu ne suka zauna min. Na farko farin allon roba da masu yin allon talla suke manna hoto akai, Forex suke ce masa, mai kaurin milimita 5 na bango, mai 10 na gindi. Ana yanka shi da wuƙar reza, baya shan ruwa, gara bata cinsa, kuma yana da ɗan laushi ta yadda in ka ɗora rula ka ja da bakin sukundireba sai layin bulo ya fito ras. Bulo mai inci 9 a ma'auninmu wajen milimita 19 ne a tsawo da 9 a tsaye, amma kar ka kashe kanka da awo ɗaya bayan ɗaya, ka yi ɗan ma'auni na kwali kayi ta bi. Gam ɗin da masu aikin famfo ke haɗa bututun roba dashi shine ke kama shi, sai dai kayi a waje ko ka buɗe taga don warinsa na hawa kai. Aibinsa ɗaya zafi. Na taɓa yiwa rufin wani shago baƙin fenti, watan Afrilu yazo ya lanƙwashe kamar faranti, tun daga nan nake sa haƙarƙari a ciki duk bayan inci 4 kuma fenti mai haske nake shafawa.

Na biyu, kuma shine na fi so, siminti akan fom. Farin fom ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin, ka sassaƙa siffar gidan dashi, ka naɗe da ragar waya ƴar ƙarama irin ta taga, sai ka kwaɓa siminti awo 1 yashi awo 3, amma yashin ka tankaɗe shi da rariya don tsakuwa ɗaya a nan dutse ce. Ka shafa siriri ka bari ya kama, washegari ka ƙara. Da wannan na dawo na rama gidan ƙasata, na zuba jan garin kala da ake sawa a daɓe cikin shafe na ƙarshe, na bi da yatsa da cokalin shayi ina fitar da lanƙwasar bango da zanko, wanda bai taɓa ba sai ya rantse laka ce. Indararon da bututun biro na fara yi, rana ta cinye shi, na canza da guntun bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji. Sirrin siminti ban ruwa, kwana 7 ina lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa, in da hunturu kayi ka barshi a iska to zai tsattsage kafin ya yi ƙarfi. Kuma kar fentin feshi ko fetur ya taɓa fom tsirara, kasan dai yadda yake narkewa.

Rufin kwano kuwa gwangwanin lemo ne. Ka yanke kai da gindi ka buɗe shi, ka ɗora akan allon da ka jera wa wayoyi a tazarar milimita 3, ka bi da bakin biro da ya ƙare kana dannawa. Aikin na cin rai gaskiya, kuma gefen na yanka hannu, amma in ka gama ka ɗan goga samfefa ka shafa fenti ruwan ƙasa-ƙasa sai ya koma tsohon kwanon tasha sak. Ka bar bakin rufin ya zarce bango da kamar inci ɗaya ko da a ido yayi yawa.

Inda mutane suka fi faɗuwa gindi ne. Ruwan da ke kashe ɗan gini ba na sama bane kawai, wanda ya daki ƙasa ya fantsamo da taɓo shine mugun. Kowane gini nawa akan fasasshen tayil yake zaune, tayil ɗin akan tsakuwa, ya ɗan fi ƙasar wajen tudu, kuma na huda ƙananan ramuka a ƙasan bango da ƙarƙashin rufi don iska ta ratsa, in ka toshe ko'ina gumi ne zai taru a ciki tagogin su yi hazo. Ramukan ka toshe su da raga in ba haka ba zanzaro zai gina nasa a ciki. Rufin kuma kar ka manne shi, ka barshi ana ɗagawa, amma ka ɗaure da waya saboda iskar farkon damina ta taɓa kai min rufin tasha gidan maƙota. Dan Allah in zaka ɗaga gini kar ka zura hannu ƙarƙashi, da sanda zaka fara ɗagawa, sau biyu ina samun kunama a kwance a ɗakin jiran fasinja.

Wuta ba sai ka ja waya ba, ƴan fitilun sola na lambu nake warwarewa in sa ƙwan a ciki in ɓoye faifan a bayan rufi, magariba nayi su kama da kansu.

Sai dandamalin tasha, kafin ka zuba siminti ka ɗauko taragon da yafi kowanne tsawo ka tura shi da hannu ta wajen, musamman in tashar na kusa da kwana, don ƙaramar kwanar LGB santimita 60 ce daga tsakiya kuma dogon tarago na leƙowa waje sosai a wurin. Ni sai da na sa kurfi da guduma na fasa nawa.

Shawarata kar ka fara da sake babbar tashar. Kayi ɗan ɗakin mai gadin mahaɗa, inci 5 a kan inci 5, ɗaya da allon roba ɗaya da siminti, ka ajiye su a inda rana tafi duka a gidan ka barsu su ga sauran daminar nan da hunturu da bazara. Tagogi da ƙofar tsohuwar tashar kuma kar ka zubar, ka ɓalle su a hankali ka turo min hotonsu da rula a gefe in duba ko zasu shiga 1:24.