Zan iya samun sunan kakana a takardun ƙidaya?

Tambaya: Malam, ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne. Na ji Turawa kan gano kakanninsu ta takardun ƙidayar jama'a. Kakan mahaifina a cikin birni ya zauna. Ina zan nemi sunansa a irin waɗannan takardu?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, amma a can. A Ingila sai takardar ƙidaya ta shekara 100 ake buɗe ta ga kowa, a Amurka kuma 72, shi ya sa a 2022 Ingila ta saki ta 1921, Amurka ta saki ta 1950, gida-gida da sunaye. A nan ba a yin haka. An yi ƙidaya a 1952 zuwa 1953, da 1963, da 1991, da 2006, an soke ta 1962 da ta 1973 saboda rigimar alƙaluma, kuma abin da ake bugawa jimilla ce kawai: maza kaza, mata kaza, gunduma kaza. Ta 1911 da 1921 da 1931 kuwa, a Arewa yawanci ƙiyasi ne da aka ɗora kan lissafin haraji.

To ka ga ke nan harajin ya kamata ka bi. A zamanin En'e mai unguwa ya san kowane magidanci, shi ke kai wa na gaba da shi har ya isa ga hakimi, kuma haka aka ci gaba har Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979. Fayilolin Lardin Zazzau suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ciki har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin yanka wa gundumomi haraji. Sunan talaka ba ya yawan fitowa a ciki, amma za ka ga masu unguwanni, da sana'o'i, da inda mutanen wuri suka yiwo hijira. Ka leƙa Arewa House ma, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, da Laburaren Kashim Ibrahim a ABU.

A ganina takardar rabon gado ta fi duk waɗannan amfani, don alƙali kan jera magada, mata da 'ya'ya, kowa da sunansa. Ka tambayi wanda ke riƙe da takardun gidanku na gado. In da Larabci ko ajami aka rubuta, nemi malamin da ya saba da rubutun hannu na da.

Kafin ka hau motar Kaduna dai, zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata. Ka nemi sunan yanka da laƙabi duka biyu, don wani Tanko ko Ɗanjuma aka san shi har ya rasu, a takarda kuwa Muhammadu ne, Muhammadun kuma sun yi yawa. Sai sunan uba, da unguwa, Kwarbai ce ko Kaura ko Juma, da sana'a.

Shekarar haihuwa ba za su sani ba, amma sun san sarki. In aka ce a zamanin Aliyu ɗan Sidi aka haife shi, tsakanin 1903 da 1920 ke nan. In an ce ya yi aure lokacin Sarki Ja'afaru, ka nemi fayilolin 1937 zuwa 1959.